Gyartai a Ɗakin Tiyata

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Guci, ko Waca, ko Malawa, ya san inda gyartai yake zama. Can gefe ne, a inuwar wata bishiya, nesa da hayaniyar 'yan awo da ta dillalan bisashe, da tarin fasassun ƙorai a gabansa. Roba da kwanon silba sun rage masa ciniki, wannan gaskiya ne. Amma har gobe Bafulatanar da ƙwaryar nononta ta tsage ba ta yar da ita, don wata ƙwaryar tun ta kayan ɗaki ce, uwarta ta ba ta, ta kuma san nono ya fi kwanciya lafiya a cikinta.

Aikinsa yana da tsari, ko da yake shi ba zai tsaya yi maka bayani ba. Yakan ɗauki ƙwaryar ya jujjuya ta, ya bi tsagin da yatsa har inda ya tsaya. Sai ya haɗa leɓɓan nan biyu su koma daidai yadda suke kafin su rabu. In bai gamsu da haɗuwarsu ba, ba ya taɓa basilla. Daga nan sai huda, rami a wannan gefe, rami a wancan, ba dab da baki ba don kar ya ɓalle, ba kuma can nesa ba don kar ɗinkin ya yi sako-sako. Sannan zare ya bi hanyar da basilla ta buɗe. Ya ja, ya ƙara ja, har tsagin ya matse, ko ruwa ba ya ɗiga. Wata rana kuma kallo ɗaya yake yi wa ƙwarya ya miƙa wa mai ita, ya ce, "Inna, wannan ta wuce ɗinki, sai haƙuri."

Wanda ya gane wannan aiki ya gane rabin abin da likitan ƙashi yake yi idan ya ɗauko wata ƙusa mai rami a ciki, ƙirar ƙarfen titaniyam, zai sa ta a ƙugun mutum.

Ƙusar ba ta bugawa da guduma ba ce, ta murɗawa ce, mai haƙora. Wadda ake sa wa babba a ƙugu kaurinta milimita 6.5 ne ko 7.3, tsawonta yawanci tsakanin milimita 70 da 100. Akwai ƙanana masu milimita 3 ko 4, na idon sawu da wuyan hannu. Abu biyu ne suka ware ta daga 'yan'uwanta. Haƙoranta ba su game jikinta ba, a wajen tsini kawai suke, tsawon milimita 16 ko 32, sauran jikin sumul. Sannan tana da rami tun daga kai har tsini, in ka ɗaga ta sama kana hango haske ta ciki. Kowanne cikin biyun nan yana da dalili, amma ba a gane dalilin sai an san irin karayar da ta sa aka ƙera ta.

A ƙasarmu, wanda ya karye wurin maɗori ake fara kai shi, ni kuwa ban ga laifin mutane ba. Maɗori yana kusa, ya san gidanku, ba ya cewa a biya kafin ya taɓa mara lafiya, kuma sau da yawa aikinsa yana kyau. Yaro ya faɗo daga amalanke ya karye a hannu, ko saurayi ya karye a ƙwauri wajen ƙwallo: a ja, a daidaita, a jera kara a ɗaure, bayan 'yan makonni ƙashi ya kama. Abin da ya sa haka ke yiwuwa shi ne dogayen ƙasusuwa suna da wata 'yar fata mai rai da ta lulluɓe su, suna kuma kwance cikin tsoka mai yalwar jini. In suka karye, jinin da ya taru a wurin yakan daskare, a hankali ya zama guringuntsi, guringuntsin ya zama ƙashi. Shi ne ƙullin nan da maɗori ke shafawa ya ce ɗori ya kama. Kara tsaron ƙashi kawai ya yi don kar ya motsa, jiki ne ya yi haɗin. Inda ake samun ɓarna a irin wannan ɗori shi ne in an matse ɗaurin har jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi, su yi baƙi. Wannan magana ce ta wata rana.

Akwai karayar da kara ba ya kai wa gare ta ko da Sarkin Ɗori ne ya jera shi. Ƙashin cinya ba miƙe yake ba har sama. Da ya kusa ƙugu sai ya karkata ciki, ya yi ɗan gajeren wuya, a kan wuyan kuma akwai dunƙulallen kai wanda ke juyawa cikin kwarmin ƙugu. Duk nauyin mutum ta wannan wuya yake bi ya sauka ƙafa. Tsohuwa da ƙashinta ya yi rauni, santsin damina a bakin makewayi ya isa ya karya mata shi. Saurayi kuwa sai abu mai ƙarfi: kabu-kabu ya kwashe shi a rairayi, ko ya faɗo daga dabino, ko ƙasa ta rufta da shi a rijiya. Wurin yana can ciki, ƙarƙashin tsoka mai kauri, babu inda za a ɗora kara a kama guntun sama. Yana kuma cikin jakar gaɓa, inda ruwan gaɓa ke wanke jinin da ya kamata ya daskare, kuma 'yar fatar nan mai yin ƙulli kusan babu ita a wurin. Mafi muni, jijiyoyin da ke kai wa dunƙulallen kan jini a jikin wuyan suke hawa. In wuya ya karye ya goce, sai su tsinke ko su lanƙwashe, kan ƙashin ya rasa abinci, ya mutu a hankali, ya lotse. Iyayen masu amosanin jini sun san wannan ciwo, don shi ne yake hana wasu 'ya'yansu tafiya ko da ba su taɓa faɗuwa ba: a wurinsu jinin ne ke toshe hanyar da kansa.

Likitocin Turai ma sun daɗe suna shan kashi a hannun wannan karaya. Astley Cooper, babban likitan fiɗa na Landan a farkon ƙarni na 19, yana koyar da cewa irin wannan karaya ba ta haɗuwa da ƙashi. Har a 1935 wani likitan Amurka, Kellogg Speed, karayar da aka kasa warwarewa yake kiran ta. Mafita ta zo ne daki-daki. A 1895 Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. A 1909 wani Bajamushen, Martin Kirschner, ya fito da siririn tsinken ƙarfe da ake sokawa cikin ƙashi. A 1931 Marius Smith-Petersen na Boston ya bayyana wata ƙusa mai fukafukai uku da ake bugawa ta cikin wuyan, sai dai a lokacin sai an buɗe ƙugu sosai kafin a ga inda za ta bi. Bayan shekara ɗaya, a 1932, Sven Johansson na birnin Gotenbag a Suwidin ya kawo dabarar da ake ci har yau: ya sa aka huda ƙusar ta tsakiya, don a fara soka tsinke, a ɗauki hoto a ga ya tafi daidai, sannan ƙusar ta bi ta kansa. Ƙusoshin murɗawa masu rami, irin na yanzu, sun bazu ne daga wajajen 1980.

A nan ne gyartai ya fi likita sa'a. Shi yana ganin ciki da wajen ƙwaryarsa. In ya huda, yana iya zare basilla ya ajiye, ramin yana nan a gabansa, zare ya bi. Likita kuwa ɗinki yake yi a cikin duhu. Abin da yake hudawa yana can nesa da idonsa, in ya zare basillarsa ba zai sake samun ramin ba. Don haka sai ya bar ta a ciki, ya sa ƙusa ta haɗiye ta. Amfanin ramin ke nan.

Ga yadda abin yake gudana. Ana yi wa mara lafiya allura a gadon baya, jiki ya mutu daga cibiya zuwa ƙasa. A kwantar da shi a wani gado na musamman mai jan ƙafa, a ja, a juya ƙafar ciki, har leɓɓan karayar su koma mazauninsu. Gefen gadon akwai na'urar hoto mai lanƙwasa kamar harafin C, wadda kamfanin Philips ya fara fitarwa a 1955, tana nuna ƙashi a allo nan take, ta gaba da ta gefe. Yadda gyartai ba ya taɓa basilla sai leɓɓa sun haɗu, haka likitan kirki ba ya soka komai sai hoto ya nuna masa haɗuwar ta yi, domin ƙusa ba ta gyara karkace, riƙe shi take yi a yadda ta same shi. Daga nan a tsaga fata a gefen cinya, 'yan santimita kaɗan, a tura tsinke mai kaurin milimita 2.8 ko kusa da haka, ya ratsa ƙashi, ya bi tsakiyar wuya, ya tsallake karayar, ya tsaya kimanin milimita 5 kafin ya ɓulla cikin gaɓa. In hoto ya nuna ya kauce, a zare a sake, ɓarnar kaɗan ce. Da ƙusa mai milimita 7 ce ta kauce, da ta bar kogo. Idan tsinke ya zauna, a auna abin da ya rage a waje a san tsawon ƙusar da za a ɗauko, a buɗe mata baki da abin huda wanda shi ma mai rami ne, a zura ta a kan tsinken, a murɗa ta da abin murɗawa mai rami, har ta isa. Sannan a zare tsinken.

Sai dai sauƙin sake huda yana da iyaka, kuma gyartai ya san wannan tun kafin likita. Bakin ƙwarya in ya sha huda sau da yawa a wuri ɗaya, ɓallewa yake yi. Haka bangon ƙashin cinya: in aka yi ta soka tsinke ana zarewa, ko aka shiga ta ƙasa da inda ya kamata, wurin yakan yi rauni, bayan makonni mutum ya taka ya sake karyewa a ƙasa da ta farko. Shi ya sa hannun da ya ƙware ya fi ƙarfen da aka sa muhimmanci.

Yawanci ƙusa uku ake sawa, ɗaya a ƙasa, biyu a sama, kowacce tana jingine da bangon wuyan ta ciki. Ɗaya tak ba ta hana kan ƙashin juyawa, kamar yadda ɗinki ɗaya ba ya hana leɓɓan ƙwarya gocewa.

Saura jan zare, wanda shi ne sirrin haƙoran nan da ba su game jiki ba. Idan ƙusa ta shiga, haƙoranta duka suna wucewa can bayan karayar, su ciji guntun ciki. Jikinta mai sumul yana ratsa guntun waje ba tare da ya kama shi ba. Da kanta ya zo ya dafe bangon ƙashi, kowace murɗa sai ta janyo guntun ciki zuwa na waje, tsagin ya matse. In ƙashin ya yi laushi, akan sa ɗan faifan ƙarfe mai huda a ƙarƙashin kan ƙusar don kar ya nutse. Idan kuwa aka yi kuskure haƙoran suka hau kan karayar, rabi a nan rabi a can, to ƙusar da aka sa don ta haɗa ita ce za ta riƙe tsagin a buɗe. Wannan matsewa likitocin Suwizalan ne suka mayar da ita ƙa'ida, bayan da Maurice Müller da abokansa suka kafa ƙungiyarsu ta nazarin haɗa ƙashi, AO, a garin Biel a 1958. Ƙashin da aka matse haka yakan haɗu kai tsaye, ba tare da ƙulli ba.

Mutum zai ce ai ƙarfe mai rami ba zai yi ƙarfi ba. Yana yi. Lokacin da ƙarfe ke son lanƙwashewa, bayansa ne ke ɗaukar wahala, tsakiyarsa kusan hutawa take, don haka ɗan siririn ramin ba ya rage abin kirki. Shi kansa ƙashin cinya ai haka aka halicce shi, ɓargo ne a tsakiyarsa.

To, me ya sa titaniyam? Gyartai ba ya ɗinke ƙwaryar nono da abin da zai yi tsatsa ya ɓata nonon. Cikin jikin mutum kuwa wuri ne mai ɗumi da gishiri, ƙarfen banza ba ya daɗewa a ciki. Wannan matsala tsohuwa ce. Malamanmu suna kawo labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi da ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi, kuma malaman fiƙihu suna kafa hujja da shi a kan halaccin sa ƙarfe a jiki don lalura. Abin da aka nema a zinare a wancan lokaci shi ake nema a titaniyam yau, ƙarfen da jiki ba ya ci, shi ma ba ya cin jiki. Da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar riga da ido ba ya gani, in an kankare ta nan take ta sake fitowa, ita ce ke tsare shi daga tsatsa. A 1952 wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ɗan bututun titaniyam a ƙafar zomo don nazarin gudanar jini. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da shi gam. Daga nan dashen haƙori na zamani ya samo asali, an yi wa mutum na farko a 1965.

Yana da sauran halaye. In aka ɗauki guntaye masu girma ɗaya, nauyinsa giram 4.5 ne a inda ƙarfen tiyata na gargajiya ke da kusan 8. Babu sinadarin nikel a cikinsa, wanda jikin wasu mutane ba ya so. Maganaɗisu ba ya jan sa, kuma ba ya dagula hoton na'urar maganaɗisu, wadda a Nijar ake kira IRM, kamar yadda ɗayan ke yi. Wannan yana da amfani, don da ita ake fara gane ko kan ƙashi ya soma mutuwa. Sannan ga taurin kai. Hausawa sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ƙarfen tiyata ya fi ƙashi ƙin lanƙwasa kusan sau 10, titaniyam kuwa sau 5 ko 6. Har yanzu akushi ne, amma ya ɗan fi kusa da ƙwarya, yana barin ƙashi ya ɗauki rabonsa na nauyi, ƙashi kuwa in ba ya ɗaukar nauyi zaizayewa yake yi. Wanda ake yin ƙusa da shi galibi gauraye ne, kashi 6 cikin 100 alminiyam, kashi 4 banadiyam, saura titaniyam.

Abin mamaki, ba ƙarancinsa ne ya sa shi tsada ba. Yana cikin baƙin yashi a ƙasashe da yawa, ana haƙar sa a Saliyo da gaɓar tekun Sanagal, akwai shi ma cikin tarkacen kuza na Jos, kuma mafi yawan abin da ake haƙowa farin fenti ake yi da shi. Wani limamin coci mai sha'awar duwatsu, William Gregor, ya gano shi a Ingila tun 1791, amma raba shi da ƙasarsa ya gagara a yi da yawa har sai da William Kroll, mutumin Lukzambur, ya fito da hanyarsa wajajen 1940. Hanyar tana cin wuta da lokaci, ƙarfen kuma yana wahalar da injin sassaƙa, balle a ce a huda rami miƙaƙƙe mai tsawon santimita 10 a tsakiyarsa. Yana da nasa aibin: saboda ƙashi yana son sa, ranar cirewa yakan yi gardama, wani lokaci kan ƙusar ya cinye. Ra'ayina a nan shi ne kada dangi su ɗauka cewa in ba titaniyam ba aiki ya lalace. Ƙusar ƙarfen tiyata da aka sa daidai, a kan lokaci, ta fi ta titaniyam da aka sayar da gona aka sayo bayan wata biyu.

Inda misalin gyartai ya tsaya shi ne ƙwarya matacciya ce. Har ta ƙare rayuwarta zare ne ke riƙe da ita. Ƙashi kuwa rayayye ne, ƙusa aron lokaci kawai take ba shi, wata uku ko fiye, kafin ya haɗe kansa. In ya haɗu, ƙusar ta gama aikinta, ko an bar ta ko an cire duk ɗaya. In bai haɗu ba, kowane taku lanƙwasa ta yake yi kaɗan-kaɗan, har ta gaji ta karye, ko ta sulale baya, ko ta huda kan ƙashin ta shiga gaɓa. Shi ya sa likita ke hana taka ƙafar da ƙarfi na wani lokaci, ya hana taba sigari, wadda ke rage jinin da ke isa wurin, ya kuma ce a dawo hoto ko da an ji sauƙi, domin mutuwar kan ƙashi tana iya bayyana bayan shekara ɗaya ko biyu. Kuma ko a ƙasashen da komai ya wadata abin ba tabbas ba ne. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2017, a kan mutum fiye da 1,000 masu shekara 50 zuwa sama, ya gwada waɗannan ƙusoshi da wata babbar ƙusa mai haɗe da faranti. A kowane ɓangare, kimanin mutum 1 cikin 5 sai da aka sake yi masa aiki cikin shekara biyu. Don haka tsohon da karayarsa ta goce sosai, likita yakan faɗa wa 'ya'yansa irin maganar gyartai, cewa wannan ta wuce ɗinki. Sai a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe. Saurayi kuwa ana yin duk abin da za a iya don a ceci nasa, domin na ƙarfe yana da shekarun da yake yi ya gaji, manomi kuma ba ya zaune.

Ƙusar tana da sauran wuraren aiki: ƙashin idon sawu, dunduniya, ƙoƙon gwiwa, da wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsan hannu wanda ke tsagewa in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Akwai kuma yara masu tasowa, 'yan shekara 10 zuwa 16, da kan ƙashin cinyarsu ke zamewa daga mazauninsa ba tare da faɗuwa ba. Yaron yana ɗingishi yana cewa gwiwa ke ciwo, alhali ciwon a ƙugu yake. Ƙusa ɗaya tak ake sa musu ta tsayar da zamewar.

Kafin mu dawo gida, ga abu ɗaya. A 1961 wani likitan Ingila, Robert Garden, ya kasa karayar wuyan ƙashin cinya kashi huɗu. Biyun farko su ne waɗanda ba su goce ba: ƙashi ya tsage, ko ya cushe cikin ɗan'uwansa, amma yana nan a mazauninsa, galibi jijiyoyin jini ba su tsinke ba. Waɗannan su ne ƙusa uku ke yi wa maganin da ya fi kyau, aikin da ba ya daɗewa, jini kaɗan, rauni ƙarami. Su ne kuma, abin takaici, aka fi ɗauka targaɗe a ƙauye, domin mai ita yana iya miƙewa, har ya taka yana ɗingishi. Sai a ce ai da karaya ce da bai tashi ba. A kira mai gyaran targaɗe, ya shafa man shanu, ya murza, ya ja, ya lanƙwasa. Ko kuma a bar tsohon ya ci gaba da dogara sanda zuwa masallaci. Bayan kwana huɗu ko mako guda a ji ya yi ƙara ya zube. Tsagin da ɗinki uku zai rufe ya zama ɓalli. In aka ƙara makonni uku ko wata guda ana jiran ɗori ya kama, wuyan da kansa yakan fara narkewa, leɓɓan da za a haɗa su cinye, ƙafa ta gajarce. A lokacin ko an isa asibiti maganar ta canza, kuɗin ma ya ninka, don kan ƙashi na ƙarfe ya fi ƙusa uku tsada nesa ba kusa ba.

Na san abin da mutumin Guci zai ce, kuma yana da gaskiya. Tun 2011 da aka cire Dungas daga Magarya aka mai da ita gunduma, hukuma ta matso kusa, amma likitan ƙashi bai matso ba. Asibitin Magarya ya yi suna ne a kan yara, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki tun 2005 a kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Sashen tiyatar ƙashi yana babban asibitin ƙasa na Damagaram, kilomita 90 da wani abu daga Magarya, kafin nan kuma sai an sha rairayi. Wasu sukan tsallaka ta Maigatari ko ta Babban Mutum su nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda yake aiki tun 1959, in iyaka tana buɗe. Mun ga yadda aka rufe ta daga ƙarshen Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Asibitin CURE na Yamai, da aka buɗe a 2010, na yara ne masu nakasar ƙashi, kuma kusan kilomita 900 ne daga Damagaram. Ita kanta ƙusar ba ta aiki ita kaɗai: tana son na'urar hoto mai lafiya, da lantarkin da ba ya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, da tukunyar tururi mai kai zafin digiri 134 don kashe ƙwayoyin cuta, domin ƙwayar cuta in ta samu ƙarfe ta maƙale, magani ba ya fitar da ita da sauƙi. Ga kuɗin mota, ga na ƙarfen da galibi dangi ke saye, ga na abincin masu jinya. Sai an sayar da rago ko buhunan riɗi. Duk wannan nauyi ne da ya kamata hukuma ta rage, kuma wuri mafi araha da za ta fara shi ne na'urar hoton ƙashi mai aiki kullum, da mai sarrafa ta, a kowane asibitin gunduma.

Amma akwai tsoron da ba shi da tushe, shi ma yana cin kwanaki. Ƙarfen da ke cikin ƙashi ba ya jawo aradu. Ba ya hana sallah, ba ya hana haihuwa, ba ya hana hawa jirgin Makka. Ba ya tsatsa. Kuma likita ba ya yanke ƙafa don wuyan ƙashin cinya ya karye. Ƙafafun da ake yankewa galibi waɗanda suka iso ne bayan sun ruɓe.

Roƙona ga maɗoranmu, waɗanda su ne ke fara ganin kowa: Baba, in aka kawo maka wanda ya faɗi yana kukan ciwo a matsematsi ko a ƙugu, ko ka ga ƙafarsa ta gajarce ta kwanta waje, ko ka daki dunduniyarsa a hankali ya ji abin a sama, kada ka murza, kada ka ja, ko da yana iya takawa. Ka ce a tafi hoto tukuna. Ba wanda zai raina ka don haka. Ku kuma 'yan'uwa, ku sa matashi tsakanin ƙafafunsa, ku ɗaure mai ciwon da lafiyayyar da zane, ku kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, kada ku ɗora shi a kabu-kabu. Ku nemi mota a ranar, in kun isa ku ce a ɗauki hoton ƙugu biyu, na gaba da na gefe.